Baba yana ai-si-yu da roba a hanci, anya abincin da ake ba shi yana isarsa?

Tambayar ita ce: "Salam. Mahaifinmu ne ya samu shanyewar ɓarin jiki, yau kwanansa 4 a ɗakin kulawa ta musamman, yana kan injin numfashi, an zura masa roba ta hanci ana ba shi wani abu kamar madara mil 30 duk awa. Nauyinsa bai fi kilo 60 ba, kuma kafin mu kai shi asibiti ya yi kusan sati a gida ba ya cin komai sai ruwa da ɗan koko. Yanzu gwaggonninmu sun tayar da hankali, wasu na cewa yunwa ce za ta kashe shi a bari mu kawo kunu a cika masa ciki, wasu kuma na cewa a cire robar gaba ɗaya tunda ana ƙara masa ruwa, wai duk wanda aka sa wa roba ba ya tashi. Dan Allah wanne ne gaskiya?"

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ba Baba lafiya ya sa kaffara ne, ku ma sannunku da jinya, zaman ƙofar ai-si-yu, wato ɗakin kulawa ta musamman, sai wanda ya yi shi ya san zafinsa. Ni aikina tsara abincin marasa lafiya ne a asibiti kuma yawancin lokacina a irin wannan ɗakin nake ƙarar da shi, to wannan rigimar ta gwaggonni ba sabuwa ba ce a wurina. A taƙaice dukkan ɓangarorin biyu sun kauce, sai dai masu cewa yunwa sun ɗan fi kusa da gaskiya, amma ba ta inda suke zato ba. Hukuncin ƙarshe na likitocin da ke kansa ne, ni dai zan ba ki abin da za ki riƙa tambayarsu da shi.

Bari in fara da ƙarin ruwa don ita ce maganar da ta fi ba ni takaici. Dirif ba abinci ba ne. Ledar ruwan gishiri babu ko kalori ɗaya a cikinta (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki), ruwa ne da gishiri shikenan. Ta ruwan suga kuwa, irin wadda aka saba ratayawa mai kashi 5 cikin 100, leda ɗaya ta mil 500 suga giram 25 ne kacal a ciki, wajen cokalin shayi 6 kenan, wallahi bai kai sugan da ke cikin kwalbar lemo ɗaya ba. Da ƙyar ya kai kalori 100. Ko leda 4 aka ɗaura wa Baba a rana bai samu abin da ya wuce 400 ba, ba furotin mai gina jiki ba mai ba komai, alhali mutum mai kilo 60 buƙatarsa ta kai wajen 1500 a rana. Kinga in an cire robar an bar shi da dirif to nan ne yunwar gaske za ta fara, kuma ba wanda zai gane da wuri saboda ruwan yana kumbura jiki, sai a riƙa cewa ai ga shi nan ya ma yi ƙiba.

Akwai abinci na gaske da ake bayarwa ta jijiya, wata babbar farar leda ce da ake haɗawa da babbar jijiya ta wuya ko ƙirji, amma wannan na wanda hanjinsa ya daina aiki ne ko aka yi masa babbar tiyatar ciki, ga tsada ga haɗarin ƙwayoyin cuta su shiga jini ta hanyar. A Beljiyam an yi bincike a kan marasa lafiya 4640, aka fitar da shi a 2011, aka ga waɗanda aka jinkirta musu wannan abincin na jijiya har kwana na 8 sun fi saurin fita daga ai-si-yu kuma sun fi ƙarancin kamuwa da sabbin cututtuka a kan waɗanda aka yi wa gaggawa. Shi hanji in dai yana aiki to a yi amfani da shi, domin bangon hanji daga abincin da ke bi ta cikinsa yake samun nasa rabon, in aka bar shi kwana da kwanaki a bushe sai ya yi rauni. Shi ya sa manyan ƙungiyoyin wannan fanni, ESPEN ta Turai da ASPEN ta Amurka, duk suka ce a fara ciyarwa ta roba cikin awa 24 zuwa 48 da shigar mutum ɗakin, sai fa in jininsa ya faɗi ƙwarai ba a shawo kansa ba tukuna, ko hanji ya toshe, ko yana zubar jini ta ciki.

Kuma jikin mai tsananin ciwo ba kamar na mai azumi ba ne. Mai azumi jikinsa lallaɓawa yake yana cin kitse a hankali, shi kuwa wannan tsokarsa jiki yake ci, kuma da sauri. A Landan an auna tsokar cinyar masu jinya a ai-si-yu a wani bincike na 2013, zuwa kwana na 10 ta ragu da kusan kashi 18 cikin 100. Tsokar da ke zaizayewa har da wadda ake numfashi da ita da wadda ake tari da ita, su ne kuma za su raba Baba da wannan injin. Abinci ba ya tsayar da zaizayar gaba ɗaya a kwanakin farko, amma rashinsa yana ƙara mata gudu, ga gyambon kwanciya da ba ya warkewa a jikin da babu furotin.

Maganar wai duk wanda aka sa wa roba ba ya tashi, na san daga inda ta fito kuma ban ga laifin tsofaffinmu ba. Wa ake sa wa roba? Wanda ciwo ya ci ƙarfinsa har ba ya iya haɗiya. Sannan mu ɗin nan in likita ya ce a sa sai mu ce a'a a bari mu yi shawara, a kira na Legas a kira na Abuja, sati ya wuce ana ɗura wa mutum koko da cokali yana ƙwarewa yana tari, kokon yana sauka a huhu, sai ya galabaita numfashi ya ɓaci sannan a ce to a sa ɗin. Bayan kwana biyu Allah ya karɓi abinsa sai a ce roba ce. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kusan rabin masu shanyewar ɓarin jiki suna samun matsalar haɗiya a farko, robar ita ce ke tsallake maƙogwaron da ya lalace ta kai abinci ciki kai tsaye. Shi Baba ma da ke kan injin numfashi babu zancen ba shi komai ta baki, ko ɗigon ruwa.

Yanzu mil 30 ɗin nan. Na san in kin kalli sirinjin sai ki ji kamar ki yi kuka, mutumin da ke tashi da malmalar tuwo biyu a ce wannan ne abincinsa. Amma a kwana na 4, kuma ga wanda ya yi sati bai ci ba, daidai suka yi. A kwanakin farko na ciwo mai tsanani jiki da kansa yake ƙera suga daga tsoka da hanta, ko an ba shi abinci ba ya dainawa, to in aka zo aka ɗora masa cikakken abinci a kai sai abin ya yi yawa, suga ya hau, hanta ta tara kitse, iskar da huhu zai fitar ta ƙaru, ciki ya kumbura ya yi amai. Shawarar ESPEN ta 2019 ita ce kwana 3 na farko kada a wuce kashi 70 cikin 100 na buƙatar mutum, bayan nan a riƙa hawa zuwa 80 har 100. An gwada abin ba sau ɗaya ba. A Amurka a 2012 an raba masu ciwon huhu 1000 da ke kan injin gida biyu, wasu aka ba su abinci ɗan kaɗan na kwana 6 wasu cikakke tun farko, ba a ga bambanci a mutuwa ko daɗewa kan injin ba, sai ma masu cikakken suka fi amai. A Ostareliya da Niyu Zilan a 2018 an ba kusan mutum 4000 ko dai abinci mai kauri ko na yau da kullum, masu kaurin sun samu kalori da yawa fiye da sauran amma yawan waɗanda suka rayu bayan kwana 90 ɗaya ne.

Satin nan da ya yi a gida ba ya ci kuwa shi ne abin da ya fi tsaya mini a duk tambayar taki, kuma ina fatan kun gaya wa likitocin. In ba ku faɗa ba ki faɗa yau. Mutumin da ya daɗe bai ci ba, gishirin jikinsa irin su fosfet da fotasiyam da maganiziyam sun riga sun ƙare a ɓoye ko da gwajin jini ya nuna lafiya lau. Ranar da aka danna masa abinci mai yawa insulin, sinadarin da ke sauke suga a jini, zai tashi ya kwashe ɗan abin da ya rage a jini ya tura cikin ƙwayoyin jiki, fosfet ya faɗi warwas, zuciya ta rikice, numfashi ya gaza, wani har farfaɗiya, yawanci cikin kwana 3 na farkon ciyarwa. An ga wannan ƙarara a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu a 1945, fursunonin da suka sha yunwa suka tsira daga sansani amma wasunsu suka mutu bayan an cika musu ciki saboda tausayi. Irin wannan mutumin ana fara masa da wajen kalori 10 a kowane kilo, ga Baba 600 kenan a rana, a ba shi bitamin B1 kafin a fara da kuma kwanakin da ke biye, a riƙa duba waɗannan gishirin a jini kullum ana cike gurbi, a hau a hankali cikin kwana 4 zuwa 7. Da gwaggo ta samu yadda take so ta ɗura masa filas guda na kunun gyaɗa ranar farko, da Allah kaɗai ya san abin da zai faru.

To ga lissafin. Abincin gwangwani ko na leda da aka saba, kowane mil ɗaya kalori ɗaya ne. Mil 30 sau awa 24 ya ba da 720, kusan rabin 1500 ɗin da yake buƙata in an yi lissafi da kalori 25 a kowane kilo. Don ya kai cikakke sai an kai wajen mil 60 zuwa 65 a awa. In ana ba shi farin maganin barcin nan mai kama da madara ta jijiya, shi ma a cikin mai aka haɗa shi kuma yana da kalori fiye da ɗaya a kowane mil, mil 20 a awa ya haura kalori 500 a rana, dole a cire wannan daga lissafin. Saboda haka mil 30 a kwana na 4 bai dame ni ba. Abin da zai dame ni shi ne a wayi gari kwana na 10 yana nan a kan 30 ɗin ba tare da wani dalili ba sai don ba wanda ya tuna ya canza rubutun, kuma wannan yana faruwa fiye da yadda kike zato.

Nan ne masu cewa yunwa suke da gaskiya. Abin da aka rubuta a fayil daban, abin da ya shiga cikin mara lafiya daban. Binciken da aka yi a ɗakunan ai-si-yu na ƙasashe da yawa ya nuna yawanci wajen kashi 60 cikin 100 na abin da aka rubuta ne kawai ke shiga, har a ƙasashen da ke da kayan aiki. Dalilin ba mugunta ba ne, tsayarwa ce ta nan da can: za a kai shi hoton ƙwaƙwalwa a tsayar tun tsakar dare, hoton bai samu ba sai la'asar, za a gwada cire injin numfashi a tsayar, a fasa cirewar a manta a mayar, robar ta toshe ko ya fizge ta da hannunsa mai lafiya sai an jira wanda zai sake sawa, abincin ya ƙare mai sayowa ya tafi neman kuɗi. Na taɓa zama na tara awannin wani dattijo a wani asibiti da na yi aiki, a rubuce yana samun cikakken abinci, a zahiri cikin kwana uku ko rabi bai samu ba, kuma kowace tsayarwa in ka dube ta ita kaɗai tana da hujja. Shi ya sa tambayar da za ki yi ba "nawa ake ba shi a awa" ba ce. Ki ce wa nas ɗin, cikin ladabi, Sista dan Allah daga jiya da safe zuwa yau da safe mil nawa ne ya shiga gaba ɗaya? Suna da takardar da suke rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, amsar tana ciki.

Wani abin da ke cinye abinci shi ne zuƙo ciki da sirinji a ga abin da ya rage. Da can in an zuƙo mil 100 ko 150 sai a tsayar da ciyarwa wai ciki bai karɓa ba. Yanzu an bar wannan, in abin da aka zuƙo bai kai mil 500 ba kuma babu amai babu kumburin ciki to ba dalilin tsayarwa ba ne, ciki ai da kansa yana fitar da ruwa mai yawa a rana. In da gaske cikin ba ya turawa akwai allurar da ke motsa shi, ko a rage gudu maimakon a kashe gaba ɗaya, ko a zura robar ta wuce ciki ta shiga farkon hanji in akwai mai iyawa.

Sai furotin, wanda shi ne ake yawan cuta a kansa. Buƙatar mai jinya a ai-si-yu wajen giram 1.3 ce a kowane kilo, a kai can a hankali, ga Baba giram 78 kenan a rana. Ƙwai ɗaya giram 6 ne, kinga kamar ƙwai 13. Abincin gwangwani na yau da kullum wajen giram 40 yake da shi a lita, ko ya sha lita ɗaya da rabi cif ya samu 60 ne, da saura, shi ya sa wani lokaci ake canzawa zuwa mai yawan furotin ko a ƙara garin furotin daban. Amma kar a ce tunda yana da amfani a danna. Wani babban bincike da ya fito a 2023 ya gwada ba da giram 2.2 ko fiye a kowane kilo, bai ƙara komai ba, masu ciwon ƙoda ma sai ya zame musu illa. In ƙodar Baba ta taɓu likita ne zai faɗi adadin.

Yanzu kunu. Ni ba na cikin masu raina kunu, don na san halin da ake ciki, Ensure da Fresubin da ire-irensu in za a ciyar da babban mutum da su zalla kullum ba kowane gida ne zai iya ba, kuma asibitocinmu da yawa da abincin da aka niƙa aka tace suke ciyarwa ta roba, wani daga kicin ɗin asibiti wani daga gida. In da hali, a wannan satin na farko da yake kan injin na fi son na gwangwanin, saboda an san abin da ke cikin kowane mil kuma tsaftarsa ta fi. In babu hali to da babu gara ba daɗi, amma fa a san abin da ake yi. Matsalar koko ita ce kafin ya yi ruwan da zai wuce ta roba an tsinka shi har ya zama kusan ruwa zalla, mil 100 da ƙyar ya ba da kalori 40, furotin kuwa ba a magana. A ba mutum kofi shida na mil 300 a rana, kowa ya ga an cika masa ciki hankali ya kwanta, alhali abin da ya samu wajen kalori 700 ne kawai. Kafin ya samu 1500 daga irin wannan kokon sai ya sha kusan lita 4. Ga ciki a cike ga mutum yana ramewa, wannan ita ce yunwar da na fi gani da idona.

Gyaran shi ne a ƙara masa nauyi ba tare da an ƙara kauri ba. Misali a lita ɗaya ta kunun gero ko dawa a zuba madarar gari giram 50, dafaffen ƙwai 2, man gyaɗa cokalin cin abinci 2, a markaɗa a bilenda sosai a tace da rariya mai laushi. Man kaɗai ya kawo wajen kalori 240, ƙwan 150, madarar 250, sai ga lita ta kai kusan 1000 da furotin sama da giram 30, ta kusa kamo na gwangwani. Wanda madara ke sa wa gudawa a koma garin waken suya da aka soya aka cire ɓawo aka dafa shi sosai, ana iya sa dafaffen kifi ko kaza a markaɗa tare. Ɗanyen ƙwai kuwa a'a, ko wa ya ce yana ƙara jini. Akwai kuma wata dabara ta garin tsiro: a jiƙa gero ko dawa ya tsiro, a shanya a niƙa, in an dama kunu mai kauri sai a barbaɗa cokali ɗaya yana da ɗumi, cikin 'yan mintuna za ki ga ya tsinke da kansa ba a ƙara ruwa ba, sai a mayar wuta ya sake tafasa. Kinga an samu kunu mai ruwa amma hatsin cikinsa na mai kauri ne. Wannan misali ne kawai na ba ki, ki kai wa mai tsara abinci na asibitin ya daidaita shi da sugan Baba da ƙodarsa da hawan jininsa, ya kuma ƙara bitamin don irin wannan haɗin ba ya cika su duka. Kuma siririyar roba ba ta ɗaukarsa, sai mai ɗan faɗi, lamba 14 ko sama.

Tsafta kuma ba wasa. Kunu mai madara da ƙwai a zafin garinmu awa 2 ya isa ya fara lalacewa, wanda aka dama da asuba aka zuba a filas ake ɗiba har isha'i guba ake ba mutum ba a sani ba. A dama sabo, ko a raba a saka a firji a riƙa ɗumama na lokaci ɗaya, abin da ya kwana ya wuce awa 24 a zubar. Da ɗumi kaɗan ake bayarwa ba da zafi ba, ki ɗiga a bayan hannunki ki ji. Bilenda da rariya da sirinji a wanke da sabulu da tafasasshen ruwa duk bayan amfani.

Abu biyu da ke kashe mutum ta dalilin roba, kuma duka ana iya kauce musu. Na farko robar ta shiga huhu maimakon ciki, ko ta zame ta dawo sama bayan an sa. Hura iska da sirinji a saurara da abin sauraron ƙirji ba tabbaci ba ne, a Ingila tun 2005 aka hana dogaro da shi, abin dogaro shi ne a zuƙo ruwan ciki a ɗiga a takardar gwajin tsami a ga 5.5 ko ƙasa, ko a yi hoton ƙirji. Ke abin da za ki iya shi ne ki haddace lambar da ke jikin robar daidai ƙofar hancinsa, in kin shigo kin ga ta canza ko filastar ta saki ki gaya wa nas kafin a zuba komai. Na biyu kwanciya a miƙe. Kan gadon ya kasance a ɗage, digiri 30 zuwa 45, lokacin ciyarwa da bayanta, in ba haka ba abincin yana iya dawowa ya gangara huhu ya zama namoniya. In da sirinji ake ba shi lokaci-lokaci ba da injin turawa ba, a bar shi ya sauka da kansa a hankali cikin minti 15 zuwa 20 ko fiye, ba a danna shi kamar ana ba tayar mota iska ba. A kuma wanke robar da ruwa mai tsafta wajen mil 30 kafin da bayan kowane abinci da kowane magani, yawancin toshewa daga rashin wannan ne.

Magani ma ba kowanne ake dakawa a zuba ba, akwai ƙwayoyin da aka yi su don su narke a hankali cikin yini, irin wasu na hawan jini, in an daka su sai ƙarfin ya sauka lokaci ɗaya jini ya faɗi. Kuma ba a cakuɗa magani cikin abincin. In gudawa ta zo, don tana zuwa, kar a yi saurin ɗora wa abincin laifi a tsayar, sau da yawa maganin kashe ƙwayoyin cuta ne ko magungunan ruwa masu zaƙi ko kayan da ba a wanke da kyau ba. A nemo dalilin ana ci gaba da ciyarwa.

Nasan kuma za a kawo zamzam da ruwan addu'a da zuma da dabino, gidan kowa haka ne. Kada wani ya ɗiga masa a baki a ɓoye lokacin ziyara, wallahi huhu zai tafi. A ba nas, in ruwa ne mai tsafta kuma likita ya yarda sai ta zuba kaɗan ta robar ta rubuta a lissafin ruwansa, ko a shafa masa a goshi da hannu. Zuma da dabino suga ne, a tambaya tukuna, domin ana so sugan jininsa ya tsaya tsakanin 140 da 180 ne, in na'urarsu mai ƙananan lambobi ce wajen 8 zuwa 10, kuma in ya hau insulin ake ƙarawa a duba ko abincin ya yi yawa, ba a yanke abinci gaba ɗaya. Jiƙe-jiƙen gargajiya kuwa a ajiye su, hanta da ƙodar da ke fama da magunguna goma ba sa buƙatar na sha ɗaya da ba a san abin da ke cikinsa ba.

In Allah ya sa an cire injin, kada ku ce a cire robar ranar. Sai an gwada haɗiyarsa, kuma ko ya fara ci da baki cokali uku-huɗu ba su isa ba, a bar robar tana cike gibin har ya riƙa cin mafi yawan buƙatarsa da kansa, lokacin ma buƙatar ƙaruwa take yi don jiki ya fara gini. Da yawa haɗiyar tana dawowa cikin makonni. In ta wuce sati 4 zuwa 6 ba ta dawo ba za su yi muku maganar wata robar da ake sawa ta fatar ciki kai tsaye, ta fi sauƙin zama da ita a gida.

Gobe da safe ki tsaya lokacin da likitoci ke zagaye, ki gaya musu zancen satin da ya yi bai ci ba, ki tambayi sakamakon fosfet da fotasiyam ɗinsa na ƙarshe, jimlar mil ɗin da ya shiga jiya, da ranar da suke sa ran kai shi mil 60. In asibitin na da sashen masu tsara abinci ki roƙi a kira su su gan shi, sau da yawa sai an rubuta musu takarda suke zuwa. Gwaggon da ta fi kowa zafi kuma ki ba ta aikin tsiro da tankaɗen garin, za a buƙace shi in an fara na gida.